Torres Bai Ci Wongai Ba

Tsibirin Waiben

Zuwa ga 'yata Wasie,

Bayan gaisuwa mai yawa, barka da sauka! Ina fatan jiki ya yi sauƙi. Tun da labari ya iso na kasa zama. Na faɗa a coci, na faɗa wa masunta a bakin ruwa, abokina Repu kurma ma sai da na kwarma masa a kunne. Dubi rubutun nan da kyau, hannuna ne. Ajin yamma bai tafi a banza ba.

Wane suna kuka sa wa jikana? Yaushe za ku kawo shi?

Mahaifinki,
Getano

Brisbane

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Na yi hawaye da na ga rubutunka, ko da yake layinka na tafiyar ƙaguwa. Sunansa Torres, sunan tekunmu. Bana ba za mu samu zuwa ba, aiki ya riƙe ni, baɗi ma sai yadda hali ya yi. Shi ya sa na saka masa gida a cikin sunansa.

A gaida Repu.

'Yarka,
Wasie

Tsibirin Waiben

Wasie 'yata,

Gaisuwa gare ku duka. Na kai sunan jikana aji ina taƙama, sai malama ta tambaye ni ko na san wane ne Torres. Ni duk zatona wani kakanmu ne na da can. Ashe matuƙin jirgin ruwa ne, mutumin Sifen! Shekaru ɗari huɗu da suka wuce ya ratsa tsakanin tsibiran nan, ya yi gaba, bai sake dawowa ba. Daga baya aka liƙa wa teku sunansa, mu ma aka haɗa da mu.

Repu ya ce, "Kai ma Getano! Ai bai tsaya ya ci 'ya'yan itacen wongai ba ne, ta yaya zai dawo?" Kin dai san maganar: wanda ya ci wongai na Waiben sai ya sake taka Waiben.

Sunan ya yi mini, kada ku canza. Halin mai sunan ne ba na so yaron ya ɗauko. Bishiyar wongai ta bayan gida ta nuna, ni da tsuntsaye muke ta kokawa a kanta.

Ki huta lafiya.

Mahaifinki,
Getano

Brisbane

Baba,

Gaisuwa. Jikanka ko haƙori ɗaya ba shi da shi, amma ai zai iya lasa. Ka ci gaba da korar tsuntsaye zuwa Asabar. Ka zo bakin jirgi da kanka.

'Yarka,
Wasie