Jirgin Baba da Ya Fito a Kife

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya. Ya jikin Inna?

Ki ajiye duk abin da kike yi. Kin tuna kan sarkin nan da marigayi Baba ya adana tun yana aiki a gidan waya? Shuɗin nan mai hoton jirgin ruwa da ya fito a kife, wanda Baba yake buge mana hannu in mun taɓa shi. Na karanta a jarida cewa irin waɗanda aka yi kuskure wajen buga su sun fi kowanne tsada a duniya, don da wuya a same su. Na kwatanta wa wani dillali namu, sai da mutumin ya miƙe tsaye. Ya ce muddin ba a buga masa hatimi ba, to mun warke. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Ki duba gwangwanin alewa da ke cikin akwatin Baba. Kada ki taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, na san ki da wanke-wanke.

Ki gaida Inna.
Yayanki

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna gaishe ka, ya aiki?

Na karanta wa Inna wasiƙarka. Jikinta ya samu layi ɗaya, jirgi ya kwashe sauran. Na buɗe gwangwanin: maɓallai ne, sai tsohon tabarau, sai makullin keken da aka sayar tun ban yi wayo ba. Na zazzage akwati, na ɗaga katifa, har aljihun kakin Baba na laluba. Babu jirgi, ko a kife ko a tsaye.

Inna tana kwance tana kallona ina wannan hauka. Ƙafafunta sun kumbura, Yaya. Yanzu sai na riƙe ta take kaiwa bakin ƙofa. Kullum sai ta tambaye ni ko ka ce wani abu kan wasiƙar da ta aiko maka watan jiya. Ina jin tsoro. Yaushe za ka zo?

Ka huta lafiya.
Auta

*

Auta,

Gaisuwa a gurguje. Wasiƙar Inna ta zo, tana nan ƙarƙashin takardu a kan teburina. Daga ganin rubutun maƙwabciyarmu na san "ka zo gida" ne, zan karanta in na samu sarari. Aiki ya yi mana yawa a maɗaba'a. Bari a gama maganar kan sarkin nan, in zo in kai ta babban asibiti gaba ɗaya.

Dillalin nan ya hana ni sakat, kullum yana bakin ƙofa. Ki duba bayan hoton bango da cikin agogo. Ko mijinki ya taɓa buɗe akwatin? Ba zargi nake yi ba, tambaya ce.

Allah ya ƙara sauƙi.
Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Mijina ya gode da tambayar da ba zargi ba.

Ka daina wahalar da ni, Inna ta yi magana. Ranar da maƙwabciya ta rubuta mata wasiƙar nan, da kanta ta rarrafa ta buɗe gwangwanin. Ta ciro jirgin, ta lasa, ta manna shi a jikin ambulan kusa da sabon kan sarki. Ta ce min, "Yaron nan tun yana ƙarami idonsa ke kan jirgin ubansa. In ya gan shi, ba zai iya ajiye wasiƙata bai buɗe ba."

Sai na karanta mata inda ka ce wasiƙarta tana ƙarƙashin takardu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in gyara mata filo, ta juya fuskarta bango. Wallahi na ji haushinka, kuma har yanzu ina ji.

Abin da kake nema yana kan teburinka.

Sai wata rana.
Auta

*

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Na same shi. Hatimi ya zauna daram a kan jirgin. Dillalin ya ce a haka ma zai saya, na ce ya tafi.

Na karanta. A tasha nake rubuta wannan, wataƙila ma in riga ta isowa. Ki ce wa Inna ta juyo.

Yayanki