Gadon da Nake Haɗawa a Bayan Mota Ya Haɗa Ni da Iyalina

Assalamu alaikum Gwaggo Baturiya, ina gajiya, ya aiki, ya iyali. Don Allah ki taimake ni da shawara, abin da na ɗauka ɗan aikin kafinta ne ya zame mini rigima a gida.

Ni bakanike ne, injin ban-ruwa nake gyarawa. Gidana yana Talata Mafara, amma da rani ya shigo aikina yana fadamun Bakura da Maradun. Kin san halin da hanyoyinmu ke ciki, la'asar na yin sakaliya mai hankali ba ya kama hanya. Inda rana ta faɗi mini, nan nake kwana. Galibi wurin Kawu Dikko nake sauka a Dosara, ƙanen mahaifiyata ne. Mutumin kirki ne, sai dai duk zuwan da na yi sai an yanka kaza, alhali na san abin da ke rumbunshi ba zai kai su damina ba. Na yi magana, ya ce in ban ci ba na raina shi. Bara kuma ina kwance a ɗakin baƙi a wani ƙauye anka buɗe motata anka kwashe sifanonina har da kafireta sabuwa ta injin wani manomi. Kabewar mutumin nan ta bushe kafin in samo wata. Har yau in na tuna fuskarshi sai abinci ya fita raina.

Shi ne na yanke shawara. Na cire kujerun baya na tsohuwar motata, na sayi katako, ni da abokina Sufyanu kafinta munka auna tsawona, munka haɗa dandamali. Sama shimfiɗa ce, a ɗora katifa 'yar siririya. Ƙasa akwatuna ne, ɗaya na kayan aiki, ɗaya na tufafi da buta da darduma, ɗaya na gari da ƙuli da jarkar fetur. Wallahi Gwaggo ya yi kyau, saura murafe kawai.

Ranar da munka ajiye shi a tsakar gida, matata Hussaina ta fito ta dube shi ta ce wannan ai makara ce. Tun daga nan ba ta ƙara kallon wajen ba, ta hana yara zama a kai. Daga baya ta ce mini wanda ya yi gado a mota ba shi da sauran dalilin dawowa gida. Labari kuma ya kai Dosara, Kawu ya aiko cewa in ɗan 'yar'uwarshi ya kwana a mota cikin garinsu kamar marar kowa, to kada in ƙara taka zaurenshi.

Ni dai ba ni fasawa, wanga aiki shi ke ciyar da mu. Amma ba ni son in gama gado in rasa mata da kawu. Ya zan yi?

Mai Gyaran Inji, Talata Mafara

Wa'alaikumus salam, ɗana. Ka ƙarasa gadonka. Magidancin da ya ƙi ɗora wa talakan kawunsa nauyi, ya kuma nemi tsare amanar kayan mutane, bai yi abin kunya ba. Amma su ma biyun nan kowa da gaskiyarsa, kuma daga wasiƙarka na lura da Sufyanu ka yi shawara, ba da su ba.

Hussaina ba katako take tsoro ba. Mace ce da mijinta ke bin hanyoyin da kowa ya san su, kullum ka fita zuciyarta na hannunta, sai ga ka da abu mai tsawon mutum a tsakar gida. Kada ka yi mata dariya, kada kuma ka ce camfi ne. Ka zaunar da ita ka nuna mata cewa gadon nan shi zai hana ka gangancin tuƙin magariba. Ku tsayar da ranar da kake dawowa kowane mako, kuma ka riƙe ta kamar sallah. Ka kira ta da zarar ka sauka. Sannan ka fitar da shi daga tsakar gida, a shafa masa fenti, ka roƙe ta ta zaɓi zanen rufa katifar da hannunta.

Kawu kuwa ƙafa za ka taka, da rana, ba da saƙo ba. Ka ce masa kayan mutane kake gadi, kana roƙon ya ba ka wuri cikin shingen gidansa ka riƙa ajiye mota. Ka ci tuwonsa, ku yi sallah tare, sannan ka shiga motarka. A haka baƙonsa ne kai har yanzu. In ka riƙa zuwa da kifi ko shinkafa a matsayin tsaraba, kazarsa za ta huta ba tare da ka ce komai ba.

Ga abin da ya fi damuna. Fetur ba ya kwana inda mutum yake numfashi, ka fitar da jarkar nan waje. Kada ka kwanta injin mota na aiki. Ka bar gilashi a ɗan buɗe, ka sa raga saboda sauro. Ka ɗaure dandamalin da jikin mota da noti, don in ka taka birki da ƙarfi kada ya zo maka a baya, kuma ka bar hanyar ciro tayar safaya. Murafen da suka rage a yi su masu saurin buɗewa, ba wani ɓoyayyen lungu, don a shingen jami'an tsaro mota mai akwatuna a ƙarƙashi tana jawo tambaya, gara ka buɗe da kanka tun ba a ce ba. Kada ka taɓa kwana a bakin fadama ko gefen hanya, kome gajiya. Cikin gari, da sanin mai unguwa.

Ka fara da Hussaina yau, kafin ka koma wurin kafinta. Allah ya tsare hanyarka, ya sa albarka a sana'arka, ya daidaita tsakaninka da naka.

Gwaggo Baturiya