Numfashin Baba Jela

Talata, 4 ga Maris

"Malama, ko ki cire shi, ko mu sha kunya a gaban jama'a." Mai Kemis ke nan, ko jakata ban ajiye ba. Ita ce shugabar ƙungiyar mawaƙan unguwa. Ni mai koyarwa ce kawai, wato mai ɗaga fensir. Wanda za a cire kuwa Baba Jela ne. Sun sa masa sunan ne don kullum sai kowa ya shiga waƙa sannan muryarsa ta biyo baya kamar jela. Sana'arsa gyaran agogo. Allah mai iko.

Na ce zan duba. Abin da nake faɗa ke nan idan ba ni da niyyar dubawa.

Alhamis, 6 ga Maris

Manyan mutane a kan bencin 'yan firamare, gwiwa har haɓa. Fankar ajin tana nata kiɗan daban. Na ɗaga fensir, na sauke, kowa ya shiga. Baba ya iso daga baya a natse, kamar baƙon da aka ajiye wa kujera. Abin haushin, muryar tana da kyau, mai kauri, ba gargada. Da mummuna ce da aikina ya yi sauƙi.

Na karanta kiɗa da waƙa a jami'a, amma ba darasin da ya koya mini yadda ake korar tsoho.

Asabar, 8 ga Maris

Saura mako uku mu yi waƙa a buɗe sabon zauren unguwa. Mai Kemis har ta kai ɗinki.

Talata, 11 ga Maris

Na dawo da shi layin gaba, dab da hannuna. Na ce, "Baba, fensir za ka kalla." Ya ce, "Ina kallo, 'yata." Allo yake kallo, can gefen kunnena. Ya sake makara. Mai Kemis ta yi tarin nan nata wanda ba na ciwo ba.

Laraba, 12 ga Maris

Na je shagonsa da agogona, wai ya lalace. Shagon kamar akwati, agogunan bango kowanne da ra'ayinsa game da lokaci. Bai duba nawa ba, a kunne ya kara shi. Ya ce, "Wannan lafiyarsa ƙalau. Faɗi abin da ya kawo ki."

Ban faɗa ba, shi ya yi maganar. Idon ya daɗe da yin hazo, aiki ma da kunne da yatsa yake yi. Fensirina bai taɓa ganinsa ba. A da matarsa ce ke tsayawa a gabansa, a layin mata. "Kafin ta shiga sai ta ja numfashi, kamar mai shirin yi mini faɗa. Da na ji sai in bi." Ta rasu bara, kafin a ɗauke ni aikin nan.

Na ce ai sauran ma suna numfashi. Ya yi dariya. "A ɓoye. Ke kika ce kada ki ji numfashin kowa."

Gaskiya ne. Ranar farko na kafa dokar, har na rubuta a allo. Haka aka koya mini.

"Ke kuwa, 'yata, ban taɓa jin kin yi ba sam."

Da zan fita ya ce idan cire shi za a yi, in faɗa masa da bakina, kada in aiko Mai Kemis. Wai gida shiru, agoguna ne kaɗai ke magana, su ma magana ɗaya suka iya.

Alhamis, 13 ga Maris

Ban je ajin ba. Na aika cewa mura.

Lahadi, 16 ga Maris

Na tsaya gaban madubi ina koyon jan numfashi da ƙara. Mace mai digiri. Kamar tayar motar da ƙusa ta huda.

Rabon da in buɗe baki a gaban mutane tun ranar da malaminmu na jami'a ya ce muryata ta koyarwa ce, ba ta saurare ba. Ban san me ya kawo wannan nan ba. Ba shi da alaƙa.

Talata, 18 ga Maris

Na ɗaga fensir, na ja numfashi har bayan aji ya ji. Layin mata ya fashe da dariya. Mai Kemis ta ce, "Malama, asma ce? Akwai magani a shago, zan yi miki ragi."

Amma Baba ya shiga daidai. Shi kaɗai, don sauran suna dariya. Ya ji muryarsa ita ɗaya a fili, ya tsaya cak, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga. Na juya ina share allo, ko da yake ba komai a kai.

Na ce kowa ya ja tare da ni. Suka ja. Ajin ya yi kamar mutum ɗaya ya farka daga barci. Ba zan ce ya fi nawa tsarin ba. Ya dai yi.

Asabar, 29 ga Maris

An yi. Zauren yana warin sabon fenti, lasifika ta yi kuka sau ɗaya ta haƙura. Ba jela. Mai Kemis tana gaya wa kowa cewa ita ta hana a cire shi.

Da muka koma ajin don ɗaukar kayanmu, Baba ya tsaya a bakin ƙofa yana laluben sandarsa. Ya ce, "'Yata, na ji wata sabuwar murya a gaba. Tana ɗan rawa idan an hau sama, amma kada ki cire ta." Na ce ni ban ji ba.

Numfashin da aka ja dole ya fita ta wani wuri. Iyakar abin ke nan.

Ya tafi. Na kashe fanka. Fensirin yana kan tebur, na gan shi sarai. Na ja ƙofar, na bi bayan Baba, don titin nan ba ya tsallakuwa da kunne kaɗai.