Kwanukan sadakar Baba da suka dawo a rufe

Zuwa ga Shugaban kwamitin layinmu a Kwamba, Suleja, da dattawan da ke zama tare da shi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba Alhaji, ranka ya daɗe, ina gaishe ku da fama da jama'a, da fatan iyali suna lafiya. Sunana Hadiza, 'yar marigayi Malam Sule direba, mai bas ɗin jigila tsakanin Suleja da Abuja, wanda kuka yi shekara goma sha ɗaya kuna sahu ɗaya da shi a masallaci. Na san ba tarbiyya ba ce 'ya ta kai ƙarar abokin ubanta gaban mutane. Amma sau uku ina zuwa ƙofar gidanku ina durƙusawa, sau uku ana ce mini in je za a duba. Tunda a bainar jama'a aka yi mana abin da aka yi, to a nan zan yi magana. Maganar kuwa a kan mahaifiyata ce, wadda hankalinta ke neman barin jikinta ina ji ina gani.

Na ɗaya. Baba ya rasu ranar Talata bayan azahar, ana tsakiyar kullen korona. Shekara tara yana fama da ciwon suga da hawan jini, kun sani sarai, don ku da kanku kun taɓa kai shi asibiti a motarku. Amma da yake direban Abuja ne, kafin a gama yi masa wanka magana ta zaga layi cewa cutar ya kwaso. Mutum bakwai suka kai shi makwancinsa. Da magariba, ladan yana gama kiran salla, aka karɓi lasifika aka ambaci gidanmu da sunan ubana, aka ce kada kowa ya shiga, kada kowa ya fito, har kwana goma sha huɗu. Umma tana kan tabarma da carbi a hannu ta ji da kunnenta. Washegari aka zo aka ɗaura igiyar shanya a ƙofarmu.

Ban ce killacewa laifi ce ba. Ni malamar firamare ce, na san amfanin abin, da an turo an gaya mini ma da da hannuna zan rufe ƙofar. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda aka rufe mu, da kuma yadda aka manta da mu bayan an rufe.

Na biyu. Ma'aikatan lafiya sun zo, sun gwada ni, sun gwada Umma. Sakamako ya fito ba mu da komai. Na kira ku a waya na gaya muku, kuka ce alhamdu lillahi, za a sanar. Kwana sha huɗu suka cika, shiru. Ran na sha bakwai na ɗauki wuƙar yanka albasa na yanke igiyar da kaina. Yau kwana hamsin da takwas da rasuwar Baba, lasifikar nan kuwa ba ta lalace ba. Na ji an yi cigiyar akuya da ita, na ji an sanar da ɗaurin aure. Minti ɗaya da za a ce gidan Malam Sule lafiya lau ne, shi ne ya gagari kwamiti guda na dattawa.

Na uku, kuma shi ne ainihin ƙorafina. Baba Alhaji, kun fi ni sanin mene ne takaba. Ko babu korona, Umma a ɗaki za ta zauna wata huɗu da kwana goma. Abin da ke riƙe mace a wannan zama mutane ne. Wannan ta shigo ta yi mata gaisuwa, waccan ta kawo labarin wani alherin da mamacin ya taɓa yi mata, a yi kuka tare, a zuba mata kunu a tsare ta sai ta sha. Umma ba ta samu ko ɗaya ba. Matan da ta yi wa zaman biki da zaman makoki tun zuwanmu garin nan daga Funtua, babu wadda ta tsaya ko a bakin zaure ta ce mata Allah ya ji ƙan Malam. Ba a ce su shigo su rungume ta ba. Tsayuwa daga nesa da takunkumi a fuska ba ta taɓa kashe kowa ba. Har 'yan garuwa tsallake ƙofarmu suke yi, ni ke ɗaukar jarka. Ƙanwar Umma da ke Sabon Wuse, da aka buɗe hanya ta shirya za ta zo, mijinta ya hana, don labarin sanarwarku ya riga ya kai can, labarin sakamakon gwaji kuwa bai fita daga wayata ba.

Na huɗu. Ranar arba'in Umma ta tashi da ɗan ƙarfinta, abin da ban gani ba tun rasuwar. Ta ce a jiƙa shinkafa, za a yi wainar sadaka. A ganinta kwanakin tsoro sun wuce, mutane za su karɓa su yi wa mijinta addu'a. Da kanta ta zauna gaban tanda, da kanta ta zuba kwano goma sha biyu, tana faɗin wannan na gidan wane, wannan na gidan wance. Ni na bi gida gida na kai. Kafin la'asar kwano goma sha ɗaya sun dawo, an jere mana su a bakin ƙofa, ko murfi ba a ɗaga ba. Na gidanku yana ciki, kwanon silba mai hannu biyu, don shi ta zaɓa muku saboda girmanku. Na so in ɓoye, ta riga ni gani. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana buɗewa tana rufewa, sannan ta koma ɗaki.

Tun daga ranar Umma ta daina magana sai an matsa. Abinci loma biyu ta ture. Ta ce in daina buɗe taga. Matar da ba ta rabuwa da rediyo, yanzu in na kunna sai ta juya fuskarta bango. Wasu sun fara cewa iska ce ta taɓa ta. Wallahi ba wata iska, ku ne. Wata ƙawata ma'aikaciyar jinya ta saurare ni a waya ta ce ciwon damuwa ne, kada a bar ta ita kaɗai, a fito da ita hantsi, a ba ta ɗan aikin hannu, a samu masu hira da ita, in abin ya ƙi a kai ta ga likita. Ina iya ƙoƙarina. Ina shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida da safe, in ajiye mata wake ta tsince, in kira 'yan'uwa a waya in kara mata a kunne. Amma ni ma marainiya ce, ni ma a rufen nake. Akwai ranar da na daka mata tsawa a kan cin abinci, ni Hadiza, na yi wa uwata tsawa, na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi ba ran jana'iza.

Na biyar. Kwano ɗayan da bai dawo a rufe ba na Maman Chioma ne, maƙwabciyarmu mai sayar da garin rogo. Ita ce kullum da safe take taka benci ta leƙo ta katanga, ta gaishe da Umma da guntuwar Hausarta, ta tambaye ta ko ta ci abinci. Ita kaɗai Umma take ɗaga wa kai. Maimakon a gode mata, sai kwamitinku ya aika mata cewa in ba ta daina ba za a hana mutane sayen kayanta. Haba Baba Alhaji. Kun iya tashin ɗan aike zuwa wurin mai gaisuwa, ba ku iya tashin kowa zuwa wurin mai takaba ba.

Ga abin da nake roƙo, ba kuɗi ba ne, ba shinkafa ba ce. Ku sanar a inda kuka sanar da farko, da sunan ubana kamar yadda kuka ambata, cewa an gwada mu ba mu da komai. Ku janye gargaɗin da kuka yi wa Maman Chioma. Ku zo da kanku ku yi wa Umma ta'aziyya, ko daga bakin zaure ne, ku kuma bar uwargidanku Hajiya ta zo ta zauna da ita, don in matan layi suka ga ta shigo za su biyo. In kuma gobe wani gida ya kama a rufe shi, ku sa wanda zai riƙa gaishe su kullum, ku kuma tuna ranar buɗewa.

Ku yi sauri, don shekaranjiya Umma ta kira ni ta yi doguwar maganar da ba ta yi ba tun ranar arba'in. Ta ce ta yi tunani ta gano dalili, lalle Malam ya zalunci mutanen layin nan bai gaya mata ba, shi ya sa aka ƙi sadakarsa. Ta ce in bi gida gida in nema masa gafara kada a riƙe shi a kabari. Ban je ba, kuma ba zan je ba. Na rantse mata cewa Baba bai cuci kowa ba, ba ta yarda da ni ba. Ku ta sani abokansa, daga bakinku kawai za ta yarda.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya kare ku da zuriyarku daga wannan cuta. Ranar da taku ta zo, Allah ya sa a samu masu shiga su zauna da Hajiya.

Wassalam.

'Yarku,
Hadiza Sule, Kwamba, Suleja.