Tagar da Mahaifiyata Ta Nuna Mini a Zurich

Uwargida Verena, don Allah ki taimake ni da shawara. Ban taɓa rubuta wa jarida wasiƙa ba, amma yau mako uku ke nan abinci ba ya shiga cikina yadda ya kamata, kuma na rasa wanda zan faɗa wa ba tare da ya ce mini in yi haƙuri kawai ba. Ki gafarce ni idan maganata ta yi tsawo, ni kaina ban san inda zan kama ta ba.

Shekaruna hamsin da uku. Asalina 'yar Italiya ce, daga wani ƙauye kusa da Belluno, amma shekara ashirin da ɗaya ke nan ina zaune a nan Zurich. Ina aikin jinya a gidan kula da tsofaffi. Mijina Reto ɗan nan ne, muna da 'ya ɗaya a jami'a. Duk tsawon shekarun nan mahaifiyata ba ta taɓa taka ƙafarta garin nan ba. Ko bikin aurenmu sai da muka kai mata shi ƙauye. Kullum da uzurinta: yau gwiwa, gobe ba mai ba kajinta abinci, jibi wai jirgin ƙasa jiri yake sa ta. Mahaifina ma haka yake kafin ya rasu. In na matsa masa sai ya ce, "Me zan je gani? Ruwa? Ai muna da shi a famfo."

Bana da ta cika shekara saba'in da takwas, ita da kanta ta kira ni ta ce tana so ta zo yawon buɗe ido na kwana uku, ta ga tafkin da nake ta cika mata kunne da labarinsa. Murna kamar in yi tsalle. Na ɗauki hutu, na gyara mata ɗaki, har takarda na rubuta ta wuraren da zan kai ta.

Ranar farko komai lafiya. Ta sauko daga jirgi da kayanta na zuwa coci, muka gangara babban titi har bakin ruwa, na saya mata cakulan, ta ce wai ya cika zaƙi amma ta cinye tas. Abu ɗaya ne kawai: muna jiran jirgin ƙasan cikin gari, ina ta surutu sai na tsaya a ɓangaren da ba shi ba. Ta ja hannun rigata ta ce, "Ba nan ba, tsallakawa za mu yi." Na yi dariya na ce Mama ta ci sa'a. Ban kawo komai a raina ba.

Kashegari muka shiga jirgin ruwan da ke zagaya tafki. Rana ta fito, duwatsun can nesa sun yi fari ƙal, ina ta nuna mata abubuwa kamar wata malamar makaranta. Sai mai kawo kofi ya yi tuntuɓe ya ɗan zuba mata a siket. Yana ta ba da haƙuri, na buɗe baki zan fassara mata, kawai na ji ta amsa masa da Jamusancin nan garin. Ba kalma ɗaya ko biyu ba, magana cikakkiya, har da wasa, mutumin ya fashe da dariya. Kuma irin na dā ne, wanda sai a bakin tsofaffin da nake jinya nake jin sa. Matar da na sani duk rayuwata ba ta jin komai sai yaren ƙauyenmu! Na ƙura mata ido. Ta ce, "Rufe bakin, kar ƙuda ya faɗa." Can ta juya tana kallon ruwa ta ce, "Shekara huɗu ina wanke zannuwan gadon masu shiga jirgin nan. Yau dai ni ma na shiga."

Da muka sauka ita ta shige gaba, ni ina bin ta kamar baƙuwa. Ta kai ni unguwar Aussersihl, ta tsaya gaban wani tsohon bene mai hawa huɗu da na sha wucewa ta ƙofarsa. Ta ɗaga hannu ta nuna wata 'yar taga can ƙarƙashin rufi, ta ce, "A nan kika koyi magana."

Uwargida, abin da aka faɗa mini tun ina ƙarama shi ne iyayena sun yi aiki a Milan, ni kuma ina ƙauye wurin kakata. Ashe babu Milan ko ɗaya. Nan suka zo. Babana yana aikin gini, ita tana wanki da guga a otal, da takardar izinin wata tara, wadda dokar lokacin ba ta yarda a zo da yara ba. Shekarar farko sun bar ni wurin kakata ina jaririya. Da suka koma gida wai na ƙi ta, na yi ta ihu ina ɓuya bayan kakata. Ta ce ranar ta rantse ba za ta sake barina ba. Da bazara ta zo suka naɗe ni a bargo, suka sa ni ƙarƙashin kujerar baya a motar wani abokin Baba, suka tsallake iyaka da ni.

Daga shekara ɗaya da rabi har na kai huɗu, wata tara-tara a kowace shekara, a ɗakin nan nake. Ba na fita. Ba na sa takalmi, sai safa biyu-biyu don kada na ƙasa su ji takun yaro. Ba a buɗe labule. In an danna ƙararrawa sai in shige kabad ɗin kaya in ja ƙofa, wai wasa ne suka koya mini, har na iya da kaina ba sai an ce ba. Da safe su kulle ni su tafi aiki. Wata maƙwabciya, Madam Imhof, bazawara 'yar nan garin, ita kaɗai ta sani, takan hau ta leƙa ni sau biyu a rana ta ba ni madara.

A tsaye nake a titi, mutane suna wuce mu da kekuna. Ni ce fa wadda duk dangi suke tsokana saboda tafiyar sanɗa, wadda malamai suke cewa in ɗaga murya, wadda har yau in aka danna ƙararrawar gidana sai gabana ya faɗi. Mama tana cikin masu dariyar. Takan ce, "Haka Allah ya halicce ta, kyanwar gida."

Amma duk wannan da zan iya haɗiyewa. Abin da ya tsinka ni shi ne kunne. Ba na ji da kunnena na hagu, kuma an ce mini da shi aka haife ni. A gaban benen nan ta faɗa mini gaskiya. Zazzaɓi ne ya kama ni, kunnen yana ruwa, suka ji tsoron kai ni wurin likita kada a gane a kore su. Kwana huɗu tana ɗiga mini man zaitun mai ɗumi tana toshe mini baki in na yi kuka. A rana ta biyar Madam Imhof ta ce in ba su kai ni ba ita za ta kai ni. Likitan ya duba ni, bai tambayi takarda ba, amma ya ce an makara. Bayan mako biyu Mama ta ɗauke ni muka koma ƙauye gaba ɗaya.

Ban san lokacin da na buɗe baki ba, na ce mata, "Kun ajiye ni kamar kayan sata. Da kunnena kuka biya kuɗin gina gidanmu na ƙauye."  Washegari da safe, saura kwana ɗaya a ziyararta, na kai ta tasha na sa ta a jirgi ita kaɗai. Ko rungumar ta ban yi ba. Abin da kawai ta ce ta taga shi ne in gaida Reto.

Tun ranar ban kira ta ba, ita ma ba ta kira ba. Ƙanena Fulvio, wanda bayan duk wannan aka haife shi kuma bai san komai ba, sai bugo mini waya yake yana cewa, "Wai me kika yi wa tsohuwa? Ta daina zuwa coci, ko taliya ta dafa sai ta zuba wa kaji." Reto yana ta lallaɓa ni, ni kuwa haushinsa nake ji don kawai ɗan nan ne, alhali lokacin shi ma yaro ne. A wurin aiki ina yi wa tsofaffi wanka ina kallon fuskokinsu ina cewa a raina, waye cikinku ya sani ya yi shiru? Garin da na zaɓa da kaina, na ɗauka baƙuwa na zo shi, ashe kurkukuna ne na dawo.

Ni ce na yi laifi ko ita? Me ya sa ta bari sai yanzu? In na kira ta me zan ce? Ina tsoron ta mutu muna haka, kuma ina tsoron in na ga fuskarta in sake faɗin abin da ya fi wancan muni.

Mai Tafiyar Sanɗa, Zurich

*

'Yar'uwata Mai Tafiyar Sanɗa,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma sai da na tashi na ɗan zaga kafin na iya zama in amsa. Abin da aka yi miki babba ne. An kulle ƙaramar yarinya a ɗaki, an rasa kunne da za a iya cetowa, sannan aka shafe shekara hamsin ana ce miki haka aka halicce ki. Fushinki yana kan hanya, kada kowa ya sa ki jin kunyarsa. Mako uku kuma ba wani dogon lokaci ba ne ga labarin da ya sauya miki ƙuruciyarki gaba ɗaya.

Sai dai ki duba ɗaya gefen. Matar da ta naɗe ki a bargo ta tsallako da ke ba ta kai shekara talatin ba, ba ta fi 'yarki da wasu shekaru masu yawa ba. An ba ta zaɓi biyu ne kawai: ta bar ki har ki manta da ita, ko ta ɓoye ki. Ba ita ta rubuta dokar ba, kuma ba ku kaɗai abin ya shafa ba, yara da yawa sun taso haka a ƙasar nan. Kwana huɗun nan kuskure ne, ita ma ta sani, shi ya sa shekara ashirin da ɗaya ta kasa zuwa ganin gidanki. Inda ba zan kare ta ba shi ne dogon shirun, da dariyar da ta taya dangi yi miki. Wannan kina da haƙƙin faɗa mata shi ido da ido.

Kin tambaya me ya sa sai yanzu. Mahaifinki ya rasu, kakarki ma na tabbata haka, ƙanenki bai sani ba. Da ta yi shiru, da maganar ta bi ta kabari, ke kuma ki ci gaba da ganin ta uwa marar aibu. Ta san abin da za ta rasa, amma ta sa kayan cocinta ta taho. Ba yawon buɗe ido ya kawo ta ba, ke ta zo gaya wa. Maganar da kika faɗa mata mai zafi ce, kuma sa tsohuwa a jirgi ita kaɗai a wannan hali bai dace ba. Ki nemi afuwarta a kan wannan kaɗai. Yin haka ba ya nufin kin yafe sauran.

Kada ki yi ta waya. Ki ɗauki hutun kwana biyu ki je ƙauye, ki sauka gidan Fulvio don ki sami wurin komawa in zuciya ta tashi. Ki ce masa magana ce tsakaninki da Mama, zai ji ta daga bakinta in lokaci ya yi. Kafin ki tafi ki rubuta tambayoyinki a takarda, domin a gabanta za su gudu. In kin ji muguwar magana tana tahowa, ki tashi ki fita ki sha iska, ki dawo. Idan kin komo gida ki nemi ƙwararren mai ba da shawara, ki kuma bincika, akwai mutane sa'o'inki da aka ɓoye kamar ke, wasunsu sun fara ba da labarinsu a fili. Shi kuwa Reto ki sauke masa wannan kaya, ba nasa ba ne. Kuma in kina kallon tsofaffin wurin aikinki, ki tuna wadda take hawa bene da madara ita ma 'yar garin nan ce.

Ba sai kin yafe kafin ki tafi ba. Ki tafi da fushinki, ba komai. Amma kada ki fara da "me ya sa", wannan zai zo daga baya. Ki fara tambayar ta wace irin yarinya ce ke a lokacin, wace kalma kika fara faɗa, me ke sa ki dariya. Duk duniya mutum ɗaya ce ta rage da ta san amsar, kuma shekarunta saba'in da takwas. Ki sayi tikitin a makon nan.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya kai ki lafiya, ya sa ki same ta cikin ƙoshin lafiya.

Taki,
Uwargida Verena