Wayar Mama

Litinin, 3 ga Maris

Manaja ya tara mu da safe. Masu kantin maganin da muka yi wa shafin intanet sun kawo ƙorafi, wai mutane suna gajiya da jira su rufe tun shafin bai buɗe ba. A wayoyinmu kuwa kafin ka ƙifta ido ya fito. Ya ce aikina ne aunawa, in nemo tsohuwar waya irin ta hannun mutane in gwada. Nan take na tuna ta Mama. Da yamma na roƙe ta, na ba ta tawa ta riƙe. Ta ce, "Ki kula min da ita dai."

Talata, 4 ga Maris

Wayar nan sai haƙuri. Kowane gwaji da abin da yake ba ni, na rasa ko shafin ne mai nauyi ko wayar ce ta cika. Dogo, abokin aikina, ya leƙo ya ce in dai ina son awo na gaskiya, in mayar da ita kamar sabuwa. Na kwashe hotuna da lambobi a kwamfuta, na goge sauran. Awon ya fito tsaf: kusan daƙiƙa ashirin, in sabis ba ƙarfi. Manyan hotunan da muka jibga a shafin ne. Manaja har da tafa min. Na ji daɗi, in faɗi gaskiya.

Laraba, 5 ga Maris

Ina saka takalmi Mama ta tambaya ko na gama da wayar. Wai kwana biyu ba ta ji babanmu ba. Ban gane ba. Ta ce saƙonnin muryar da yake turo mata in ya yi tafiya, su take saurare kullum bayan sallar asuba. Tun rasuwarsa bara.

A gida ɗaya muke, ban sani ba.

A mota na buɗe wayar. Babu komai. Hotuna da lambobi na kwashe, su kawai. Wayar Baba kuma ranar hatsarin da ya rasu a ciki ta farfashe.

Alhamis, 6 ga Maris

Masu gyara biyu na kai wa. Na farkon ya ce ba hali. Na biyun ya jona ta da kwamfuta, ya daɗe yana dube-dube, ya tambaya ko an taɓa ajiye kwafi a intanet. Wa zai saita mata? Ni ce mai wannan aikin a gidanmu.

Na ce wa Mama aiki bai ƙare ba. Ta ce Allah ya taimaka.

Asabar, 8 ga Maris

Na kira Yaya na faɗa masa. Ya ce, "Ke da kike gyara wa mutane?" Ya duba wayarsa, saƙo ɗaya ya samu: Baba yana masa faɗa kan ya bar mota ba mai. Ya turo min. Ban iya kunnawa ba. Ko na kunna, ba da Mama yake magana ba.

Mama tana ta fama da wayata. Ɗazu ta kira Gwaggo da bidiyo ba ta sani ba, suka yi ta dariya. Na shige ɗaki.

Litinin, 10 ga Maris

Mun rage hotunan, shafin yanzu ba ya jan lokaci ko a wayar Mama. Masu kantin sun yi godiya. Dogo ya ga fuskata ya tambaya, na faɗa masa. Ya ce laifinsa ne, shi ya kawo shawarar. Ba nasa ba ne. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata, na danna eh ina cin biskit.

Talata, 11 ga Maris

Na faɗa wa Mama. Tana ninke wanki a falo, na durƙusa gabanta na ajiye wayar, na yi bayani, bayanin ma bai fita daidai ba. Ta ce, "Duka?" Na ce duka. Ta ce, "Har wanda yake tari a ciki?" Na ɗaga kai. Ta ce, "To." Ta ci gaba da ninki. Riga ɗaya ta ninke ta warware, ta sake ninkewa.

Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Juma'a, 14 ga Maris

Wayar tana kan firij, ko caji ba ta sa mata. Muna gaisawa, muna cin abinci. Shi ke nan.

Tun da aka yi rasuwar nake fita da sassafe in dawo bayan magariba. Ina cewa aiki ne.

Laraba, 19 ga Maris

Bayan asuba na je ɗakinta, ban san me zan ce ba, na zauna a bakin gado. Can sai ta gyara murya, ta yi irin ta Baba, mai kaurin nan: "Kin kulle ƙofar baya? Na san ba ki kulle ba." Duk ta haddace su ashe, har inda yake tsayawa ya ja numfashi. Ta yi min guda uku. A na ukun ta yi tarin ma, muka fashe da dariya, daga nan ni tawa ta koma wani abu. Ba ta lallashe ni ba, ta dai miƙo min gefen mayafinta.

Ban ce ta huce ba. Ban tambaya ba.

Na makara sosai. Manaja ya kira, na ce masa gobe ma wataƙila haka. Mama ta ce akwai saƙon ranar da Baba ya ɓata a kasuwa ya ƙi yarda ya ɓata, amma shi dogo ne, sai da natsuwa.