Muryar Inna a Bakin Aku

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Allah Ya sa albarka a aikin da ya kai ka nesa da mu, Ya tsare ku a inda idonmu ba ya kaiwa. Mu nan kowa lafiya, sai godiya. Maigidana ya koma aiki bayan ciwon bayan da ya kwantar da shi. Babbar 'yata ta gama jarrabawa, tana zaman jiran sakamako tana ƙarar mana da abin da ke cikin firij. 'Yan biyun Yaya, babban wanmu, kuwa sun yi tsawon da in ka haɗu da su a hanya sai ka wuce su. Inna ma jiki da sauƙi sosai. An cire zaren ɗinkin, tana takawa daga gado zuwa falo da sandar ƙarfen nan mai ƙafa huɗu, kuma likita ya ce ƙashin ƙugun yana haɗuwa yadda ake so ga mai shekarunta.

An gaya maka ta waya cewa ta zame a banɗaki har aka yi mata aiki, amma ba wanda ya gaya maka yadda abin ya faru. Kowa na kauce wa zancen, don ya so ya raba Yaya da matarsa, kuma akwai hannun akun da ka bar wa Inna a ciki, in ana iya cewa aku na da hannu. Zan ba ka labarin yadda na gan shi, ba tare da na ɗora wa kowa laifi ba.

Ka san kejinsa na rataye a ƙofar ɗakin Inna, ta wajen baranda. Da farko ƙarar waya ya koya, da kukan ƙofar gidan nan da har yau ba a zuba mata mai ba, muna ta dariya. Daga baya ya koyi yadda Inna ke kiran Amarya, matar Yaya, wadda har yanzu ba a canja mata suna ba ko da yake 'ya'yanta sun fi ta tsawo. Ya ɗauko kiran daidai, har da jan ƙarshen da Inna ke yi. Amarya takan bar abin da take yi ta zo da sauri, ta tarar Inna na barci ko tana falo, shi kuma yana tsaye a kan sandarsa ya karkata kai yana kallonta. Don ya yi shiru kada ya ta da tsohuwa, sai ta jefa masa gyaɗa. Abin da na lura da shi, kuma ba ni kaɗai ba, shi ne ba ya yin kiran in Inna na zaune kusa da shi idonta biyu. Da Amarya ta gane shi ta daina zuwa, sai ya ƙara da tarin Inna. Da tarin ya daina aiki, sai ya ƙara da nishin da take yi in za ta tashi daga kujera. Kowane ƙari sai ya ci gyaɗarsa na ɗan lokaci kafin a gano shi. A ƙarshe Amarya ta ƙware, ta ce muryar tsuntsun ta fi ta Inna kaifi kaɗan, ko tana kicin tana iya bambancewa.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, yara na makaranta, Yaya na shago. Amarya na bayan gida tana wanki, famfo na zuba a bokiti. Ta ji kiran, ta ji nishin, ta kasa kunne ta tabbatar aku ne, ta ci gaba da wankinta. Ta ce abin da ya ɗan dame ta shi ne bai yi shiru ba, ya yi ta yi kamar an kunna shi, amma ta ce a ranta yau naci ya tashi da shi, kuma ba za ta ba shi ko ɓawo ba. Sai da ta gama shanya ta shigo, ta ga gadon Inna ba kowa, ta tura ƙofar banɗaki ta same ta kwance a kan tayil, ruwa ya jiƙa mata zane, jikinta ya yi sanyi. Inna ta daɗe kwance a wurin. Amarya ce ta kira makwabta, ita ta riƙe kan Inna a mota har asibiti, kuma da bakinta ta gaya wa Yaya cewa ta ji kira ba ta zo ba. Da ta yi shiru ba wanda zai sani.

Yaya bai yi faɗa ba, ka san shi. Ya ce kawai macen da ta yi shekara da shekaru da uwarsa amma ta kasa bambance muryarta da ta tsuntsu, bai san me zai ce mata ba. Daga nan ya daina yi mata magana sai abin da ya zama dole. Ita kuma ta rame, ta ce in Inna ta dawo gida za ta je wajen iyayenta ta huta, kuma ba ta ƙara zama gida ɗaya da maƙaryacin tsuntsun nan.

Wannan kalma ta maƙaryaci ita ta zama abin muhawara a barandar asibiti, inda muke zaman jiran a bar mu mu shiga. Kawu ya ce dabba ba ta ƙarya. A ganinsa, kafin a ce wani ya yi ƙarya sai ya san gaskiya, ya san kai ba ka sani ba, sannan ya yi niyyar sa maka wani abu daban a kai. Tsuntsu kuwa ya gane cewa wani sauti na kawo gyaɗa, iyakarsa ke nan. Gwaggo ta ce ita da ta yi kiwon kaji ba za ta yarda ba. Ta ce ta sha ganin zakara na tsattsagar ƙasa yana kiran kaji kamar ya sami tsaba alhali ba komai a wurin, kuma ba ya yin haka in kazar na kusa da za ta iya gani da idonta. Kawu ya ce ƙwaron da ya yi kama da busasshen ganye ma yana ruɗin mai kallo, amma ba wanda ya taɓa kiransa maƙaryaci, halittarsa ce. Gwaggo ta ce ƙwaro bai taɓa ƙara tari don an daina kula shi ba. Haka suka yi ta yi har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta roƙe su su rage murya. Daga baya na tambayi wata likitar dabbobi da 'yarta ke aji ɗaya da tawa. Ta ce ita dai ta san tsuntsun ya san wane sauti ke kawo wace mace, kuma ya san lokacin da sautin ke aiki. Ko ya san abin da Amarya ke zato a ranta in ta ji, wannan ba ta da hanyar shiga kansa ta duba.

Ni abin da ya tsaya mini daban ne. Ka san aikin ɗakin gwaji ya ɓata ni, ba na yarda da abu sai na gwada. Banɗakin Inna na can ƙuryar ɗaki, ƙofarsa mai kauri ce, wurin wanki kuma na bayan gida. Wata ranar hutu na sa aka kai kejin gidan makwabta, na roƙi Yaya ya tsaya inda Amarya ke wanki ya buɗe famfo. Na shiga banɗakin na rufe ƙofa, na kwanta a ƙasa, na yi ta kira iya ƙarfina, ni da na fi Inna murya nesa ba kusa ba. Da na fito na same shi tsaye yana jiran in fara. Bai ji komai ba. Ka ga ashe Amarya ba ta yi kuskure ba, aku ta ji, muryar Inna ba ta taɓa isa wurinta ba. Da na tambayi Inna a asibiti, ta ce ita kira kaɗan ta yi numfashinta ya gaza, sai ta ji tsuntsun ya karɓa daga bakin ƙofa, ya yi ta yi da muryarta bai tsaya ba har aka zo. Ko taimako yake nema mata, ko ya ji sautin ne ya bi, ko gyaɗarsa yake so kamar kullum, ban sani ba, kuma ba na jin akwai wanda zai sani. Kawu da Gwaggo kowannensu ya ce wannan ya tabbatar da maganarsa.

Ranar gwajin nan Yaya ya rufe famfon ya shige ciki. Da yamma Amarya ta gaya mini ya shigo kicin ya tambaye ta ko akwai abin da za a sayo, ya kuma tsaya ya taya ta yanka albasa, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu. Haƙurin da ya iya bayarwa ke nan, ita ma ta karɓa a haka. Ta fasa tafiya. Amma su biyun sun haɗu a kan a rabu da tsuntsun, har Yaya ya sami mai so, aka ce a bari Inna ta dawo a gaya mata.

Da Inna ta dawo suka gaya mata, ta saurara har suka gama, ta ce ba inda za a kai shi. Ta gaya mana abin da ba wanda ya sani a cikinmu, wai in gida ya yi shiru da rana, akun na yin sallama da muryarka, yadda kake yi in ka dawo daga aiki, har da ɗan gyaran muryar da kake yi a bakin ƙofa. Ta ce ta san ba kai ba ne, ba ta rikice ba tukuna, amma tana amsawa, ta yi maka sannu da zuwa, ta tambaye ka gajiya, sannan ta ba shi ayaba. Ta ce in ƙarya ce, to su biyu suke yin ta, kuma ba wanda ta cuta. Ba wanda ya ƙara tayar da zancen sayarwa.

Yanzu an sa mata ƙarfen da za ta riƙa dafawa a banɗaki, an cire sakatar ƙofar. Amarya ta yanke wa kanta hukunci cewa duk kiran da ta ji za ta je, na tsuntsu ne ko na mutum, amma hannu wofi. Tana zuwa sau da yawa a banza, ba ta kuma gunaguni. Abin da nake roƙonka biyu ne. Ka kira Amarya a wayarta, ba ta hannun Yaya ba, ka yi mata sannu da ɗawainiya, don tana zaton kana riƙe da ita a zuciya tunda ba ka neme ta ba. Na biyun kuma, in ka sami sarari ka riƙa kiran Inna da rana, lokacin da gidan ke yin shiru. Ban gaya maka zancen sallamar don in ɗora maka nauyi ba. Na ga dai ya kamata ka san cewa kullum ana yi maka sannu da zuwa a gidan nan.

Inna na sa maka albarka, ta ce a shafa mata kan jikokinta. Yaya da Amarya da 'yan biyu na gaishe ku, haka Kawu da Gwaggo, waɗanda har yau ba su gama muhawararsu ba. Maigidana da yara na miƙa tasu gaisuwar. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da kyau, ka ce na ga hoton ƙaramar, ta ɗauko goshin gidanmu ba ta rage komai ba. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka ta ɗakin gwaji